Bene a Kan Tsohon Tushe: Halin da Makarantun Cikin Birnin Kano Ke Ciki

Kano ba ta cikin wuraren da girgizar ƙasa ke addaba. Motsin da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da na Mpape a Abuja a 2018, tsoro ya fi jawowa a kan ɓarna. Sai dai gini ba ya jiran girgiza kafin ya zube. Ranar 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saints Academy ya rufta a Jos ana tsaka da karatu, mutum 22 suka rasu.

A cikin ganuwar Kano yara sun yi yawa, fili kuwa ya ƙare. Daga Dala zuwa Gwale, mai Islamiyya ko makarantar kuɗi da ɗalibai suka yi wa yawa ba shi da inda zai faɗaɗa sai sama. Sai a ɗora bene a kan tushen da aka haƙa don gidan zama, wani lokacin ma a kan kududdufin da aka cike da shara. Ga tsadar siminti da rodi, wadda ta sa wasu masu buga bulo ke cika yashi, har ka murza bulon da yatsa ya rududduge. Damina ce ke ƙarasa aikin. Kwata ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin bango, danshi ya hau, filasta ta kumbura tana zuba. Magabatanmu sun san wannan ciwon, shi ya sa suke sabunta yaɓe da gyara indararo kafin ruwa ya sauka.

A nan darasin Nepal yake da amfani. Kafin girgizar Afrilun 2015, an ƙarfafa wasu makarantun kwarin Katmandu ba tare da an rushe su ba: aka lulluɓe bango da ragar ƙarfe, aka shafe da siminti, aka ɗaure kusurwoyi da saman bango da ɗamarar kankare. Akasarinsu sun tsaya, alhali dubban ajujuwa sun zube a faɗin ƙasar. Magini na unguwa zai iya wannan aikin idan injiniya ya nuna masa, kuma kuɗinsa bai kai na sabon gini ba.

To me ya hana? A ganina, gyaran tushe ba ya fitowa a hoto. Fenti da sabon kwano su ake gani ranar buɗewa, kuma su iyaye ke dubawa idan sun zo sa yaro.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ya kamata wani kaso na kuɗin da ake ware wa ilimi ya tafi ga injiniyoyin da za su bi lungu-lungu su duba kowane benen makaranta, na gwamnati da na masu zaman kansu. Wanda aka samu da tsaga daga tushe, a sauko da yara ƙasa kafin damina.