Katin Kirsimati da Takardar Hadaya

A Ingila akwai wata al'ada. Idan Kirsimati ta gabato, mutane sukan sayi kati su aika wa 'yan'uwa da abokai, da yawa kuwa sun fi son katin da aka rubuta cewa kuɗinsa na taimakon gajiyayyu ne. Hukumar UNICEF ta fara fitar da nata katin a 1949. To, amma nawa ne daga cikin kuɗin yake isa hannun mabukata? Ya danganta da inda aka saya. Idan a shagon ƙungiyar taimakon ne, ribar duka tata ce. Idan kuwa a babban kanti ne, sai an cire kuɗin takarda da na ɗab'i da ribar mai kanti, har wani lokaci abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Bahaushe ba ya aika irin wannan kati. Amma alhajin da ya sauka Jidda ya san wata takarda da za a iya yi wa wannan tambaya, watau takardar hadaya.

Tsohon garin Jidda shi ake kira Balad. A zamanin jirgin ruwa, nan alhazai suke sauka, su ratsa kasuwa su fita ta Ƙofar Makka. Tashar jiragen ruwa har yanzu tana maƙwabtaka da Balad, kuma ta nan raguna masu ɗimbin yawa suke shigowa daga Sudan da Somaliya idan aikin Hajji ya kusa, gama wanda ya yi Tamattu'i ko Ƙirani wajibi ne ya yi yanka.

A da, kowa yakan sayi dabbarsa a Mina ya yanka. Dubban dabbobi ne cikin 'yan kwanaki, ga zafin rana, ga ba wurin ajiya. Matalauta su ɗebi abin da za su iya, waɗansu su yanyana su shanya, saura kuwa ya ruɓe, a haƙa rami a binne. Alhaji ya sauke farali, amma mai yunwa bai ƙaru da kome ba sai kaɗan.

A 1983 gwamnatin Saudiyya ta kafa wani shiri, ta danƙa shi ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedkwatarsa take Jidda. Alhaji ya biya kuɗi, a ba shi takarda, ya wakilta shirin ya yanka a madadinsa. Likitocin dabbobi su duba lafiyar ragon, mahauta su yanka, a sa naman cikin sanyi. Matalautan Harami ake fara ba, sa'an nan a aika da saura ƙasashen Afirka da Asiya fiye da 20.

A nan takardar ta fi katin kanti nesa ba kusa ba, domin abin da aka saya shi kansa ne yake zuwa ga matalauci. Duk da haka kada a zaci kuɗin ne yake shiga aljihunsa. Kuɗin na makiyayi ne, da falke, da mai jirgi, da mahauci. Rabon matalauci nama ne, wanda zai ci da iyalinsa kwana biyu ko uku ya ƙare. Ba ya biya masa kuɗin haya, ba ya saya masa magani. Da ma asalin hadaya ibada ce, ciyarwar ta biyo baya.

Akwai kuma 'yan damfara. Sukan tari baƙo su ce za su yanka masa da araha, su karɓi kuɗi su ba shi wata 'yar takarda, ba rago ba dalilinsa. Hukuma takan yi gargaɗi a kan wannan kowace shekara, ta ce kada a sayi takardar sai a wuraren da ta amince da su.