Tsohon Ɗan Wasa: A Ci Moriyar Ganga A Ya Da Kwaurenta?

Ran 12 ga watan Yuli na shekarar 2015, wani mutum ya shiga ɗakin ganawa da 'yan jarida na filin wasan Santiago Bernabeu da ke birnin Madrid, a ƙasar Sifen, ya zauna shi kaɗai a gaban tebur da takarda a hannunsa. Babu shugaban kulob a gefensa, babu mai horad da 'yan wasa, babu ko ɗaya daga cikin abokan wasansa. Da ya buɗe baki zai karanta abin da ya rubuto, sai kuka ya ci ƙarfinsa, har sai da ya tsaya ya kurɓi ruwa kafin ya iya ci gaba. Wannan mutum kuwa shi ne Iker Casillas, mai tsaron gidan Real Madrid, wanda ya yi shekara 25 yana bauta wa wannan kulob, ya zo ne ya yi ban kwana.

Mun ɗauko wannan labari ne domin gardamar da ya tayar ba ta mutu ba har yau. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ko a majalisar matasa ya ji irinta. Wasu su ce kulob ɗin da ya sallami tsohon ɗan wasansa ya yi butulci. Wasu kuma su ce ƙwallo sana'a ce, wanda ƙafarsa ta yi nauyi sai ya ba yara wuri. To, ina gaskiyar take? Wane hakki ne ɗan wasan da ya daɗe yake da shi a kan kulob ɗinsa, kuma ina wannan hakki ya tsaya?

Abin da Casillas ya yi wa kulob ɗinsa

An haifi Casillas a shekarar 1981, ya shiga makarantar horad da yara ta Real Madrid a 1990 yana ɗan shekara tara. Ya fara tsaron gida wa manya a watan Satumba na 1999. A watan Mayu na 2000, kwana huɗu bayan ya cika shekara 19, shi ne a raga sa'ad da suka doke Valencia da ci 3 da nema, suka ɗauki Kofin Zakarun Turai. A 2002 kuma, a wasan ƙarshe da Bayer Leverkusen a birnin Glasgow, a benci ya fara, sai mai tsaron gidan da aka sa ya ji rauni, aka shigo da shi, ya tare ƙwallaye masu haɗari a mintocin ƙarshe, aka tashi 2 da 1. Duka duka ya buga wa kulob ɗin wasa 725, ya ci gasar ƙasar Sifen sau biyar, Kofin Zakarun Turai sau uku. Shi ne kuma kyaftin ɗin ƙasarsa sa'ad da ta ci Kofin Ƙasashen Turai a 2008 da 2012, da Kofin Duniya a Afirka ta Kudu a 2010.

Amma zamani riga ne. A watan Disamba na 2012 koci Jose Mourinho ya ajiye shi a benci, a watan Janairu na 2013 kuma ya karye a hannu, aka sayo Diego Lopez ya maye gurbinsa. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2014 kuskurensa ne ya ba Atletico Madrid ci na farko, sai da Sergio Ramos ya rama ana dab da tashi. Bayan makonni kaɗan Holan ta zuba wa Sifen biyar a Kofin Duniya na Brazil, shi ne kuwa a raga. Daga nan wasu 'yan kallo a filin da ya girma a cikinsa suka fara yi masa ihu da fito duk sa'ad da ƙwallo ta zo hannunsa. Ƙarshenta aka sallame shi ya koma FC Porto ta ƙasar Fotugal.

Hujjar masu cewa kulob ya yi daidai

Dole ne mu faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci. Mutum goma sha ɗaya ne kawai suke shiga fili, kuma mai tsaron gida ɗaya ne. Duk ranar da aka sa tsoho saboda abin da ya yi jiya, akwai wani yaro da aka hana saboda abin da zai iya yi yau. Casillas kansa da a ce an tsaya jiran manyansa su gaji don kansu, da bai ga raga yana ɗan shekara 18 ba. Bugu da ƙari, kulob ba na 'yan wasa ba ne su kaɗai. Akwai magoya baya da suke biyan kuɗin shiga, akwai ma'aikata masu yawa da abincinsu ya dogara ga nasarar kulob. Kuma abin da ya biyo baya ya goyi bayan hukumar kulob ɗin, domin Keylor Navas, wanda ya gaji ragar, shi ne ya tsare gida sa'ad da Real Madrid ta ɗauki Kofin Zakarun Turai sau uku a jere, watau a 2016 da 2017 da 2018.

Har ila yau masu wannan ra'ayi sukan ce halacci ai hanya ce mai zuwa da komowa. A dā kulob yana iya riƙe ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Haka ya faru da Jean-Marc Bosman na ƙasar Beljiyam a 1990, sa'ad da kulob ɗinsa na birnin Liege ya hana shi komawa Dunkerque ta Faransa, ya kuma zabge masa albashi. Ya kai ƙara, ran 15 ga Disamba na 1995 Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga lokacin, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya inda ya ga dama ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ko kwabo ba. Wannan hukunci adalci ne ga 'yan wasa, amma ya sa shugabannin kulob suna cewa: in ɗan wasa yana da ikon barinmu ranar da tauraronsa yake haskawa, don me ba mu da ikon barinsa ranar da ya dusashe?

Akwai kuma maganar kuɗi. A watan Agusta na 2021 Lionel Messi ya bar Barcelona cikin hawaye, bayan ya zo kulob ɗin yana ɗan shekara 13, ya ci masa ƙwallo 672 a wasa 778. Ya yarda a rage masa rabin albashi, duk da haka bashin da ke kan kulob ɗin da dokokin kashe kuɗi na gasar Sifen suka hana a sabunta kwantiraginsa. Darasin da ke nan shi ne, shugabannin da suka yi almubazzaranci a shekarun wadata, ba su da abin yin halacci da shi a ranar da ake bukata.

To, me ya sa duniya ta yi Allah wadai?

Idan har sallamar tana da hujja, me ya sa hoton Casillas shi kaɗai a gaban tebur ya ɓata wa mutane rai har da waɗanda ba magoya bayan Real Madrid ba ne? Amsar ita ce, mutane ba tafiyar suka ƙi ba, yadda aka yi ta suka ƙi. Mutumin da ya ba gida ƙuruciyarsa duka bai kamata ya fita kamar baƙon da ya kwana ɗaya ba. Hukumar kulob ɗin ma da kanta ta gane haka, domin kashegari, ran 13 ga wata, sai ga shugabanta Florentino Perez ya fito tare da Casillas, aka jera kofunan da ya ci, aka buɗe wa magoya baya ƙofa su yi masa sallama. Abin ya yi kyau, sai dai gyara ne bayan ɓarna.

Abin da ya faru daga baya ya ƙara koya mana wani abu. Ran 1 ga Mayu na 2019 Casillas ya gamu da bugun zuciya yana tsakiyar atisaye a Porto. Bai sake buga wasa ba. Porto, wadda shekara huɗu kawai ya yi mata, ba ta yar da shi ba, ta ba shi aiki a cikin ma'aikatanta yayin da yake jinya, har ya bayyana ritayarsa a watan Agusta na 2020. A ƙarshen shekarar nan kuma Real Madrid ta dawo da shi gida ta ba shi muƙami a gidauniyarta. Ashe ke nan ana iya girmama mutum ba sai an sa shi a fili ba.

Riƙewa ma tana da nata ciwo

Kada kuma mu ɗauka cewa kulob ɗin da ya riƙe tsohonsa har ƙarshe ya huta. A Italiya, Francesco Totti ya buga wa AS Roma wasa daga 1993 zuwa 2017, wasa 786, ƙwallo 307, bai taɓa sa rigar wani kulob ba. Ranar ban kwanansa, 28 ga Mayu na 2017, filin ya cika maƙil, manya da yara suna kuka. Amma shekaru biyun ƙarshe sun zama na tsamin dangantaka tsakaninsa da koci Luciano Spalletti, wanda yake ganin ɗan shekara 40 ba zai iya gudun da wasan zamani yake bukata ba. Magoya baya suka rabu biyu, kowane wasa ya zama gardamar ko an sa Totti ko ba a sa shi ba. An ba shi kujerar darakta, amma a 2019 ya ajiye ta, yana kukan cewa ba a shawara da shi. Muƙamin da aka bayar don rufe baki kawai, ba girmamawa ba ne.

Paolo Maldini na AC Milan kuwa ya yi wasa 902 daga 1985 zuwa 2009, kuma har ya kai shekara 40 cancanta ce take sa shi a fili, ba tausayi ba. Da ya yi ritaya kulob ɗin ya jingine rigarsa mai lamba 3. Wannan shi ne abin da kowa yake fata, amma irin su Maldini ba su da yawa, ba za a kafa doka a kansu ba.

A nan gida

Mu a Nijeriya tamu matsalar ta fi wannan nauyi. Casillas da Totti sun bar fili da dukiyar da za ta ishe su. Yawancin tsofaffin 'yan wasanmu ba haka ba ne. Christian Chukwu ya yi wasansa a Rangers ta Enugu, ya ci mata Kofin Masu Kofuna na Afirka a 1977, shi ne kuma kyaftin ɗin Green Eagles da suka doke Aljeriya da ci 3 da nema a Ikko a 1980, suka kawo Kofin Afirka na farko. Amma da ciwo ya kwantar da shi a 2019, sai da aka yi ta shelar neman taimako, har attajirin nan Femi Otedola ya ba da dala dubu 50 aka kai shi London magani. Ya rasu a watan Afrilu na 2025. Mun gode wa mai taimako, amma in kyaftin ɗin ƙasa sai da shela, ina ga ɗan wasan da ya ƙare ƙarfinsa a ƙaramin kulob, sunansa bai taɓa fita a jarida ba?

Ra'ayinmu

A ganinmu, riga ba gado ba ce. Babu ɗan wasan da yake bin kulob bashin wuri a fili saboda daɗewa, kuma kocin da ya ajiye tsoho ya sa wanda ya fi shi bai yi zunubi ba. Amma akwai abu uku da tsohon ɗan wasa yake bin kulob ɗinsa bashi, waɗanda ba a yafe su.

Na farko, gaskiya a kan lokaci. A kira shi a zauna da shi tun da sauran shekara guda ko fiye, a gaya masa inda aka dosa, kada ya ji labarin makomarsa a rediyo ko a bakin 'yan jarida.

Na biyu, sallama ta mutunci. Shugabanni su tsaya kusa da shi, a ba magoya baya dama su gode masa, kada a ɓata masa suna don a sami hujjar korarsa. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, zuciya kawai yake bukata.

Na uku, tanadin bayan wasa. Sana'ar da take ƙarewa mutum yana ɗan shekara 35 tana bukatar a shirya masa tun yana kan ganiyarsa: a biya shi hakkinsa cif, a yi masa ajiya da inshorar lafiya, a taimake shi ya koyi horarwa ko wata sana'a, wanda ya cancanta kuma a ba shi aiki na gaske.

Shi ma ɗan wasa yana da nasa. Ya san lokacin da jiki ya ce ya isa, ya karɓi benci ba tare da tada fitina ba, ya kama hannun yaron da zai gaje shi.

Yaran da ke cikin kulob suna kallon yadda ake yi da manyansu, kuma abin da suka gani shi za su yi aiki da shi ranar da wani kulob mai kuɗi ya zo zawarcinsu. Mu ma masu karatu, da yawanmu muna da wani a ƙarƙashinmu, ko direba, ko mai gadi, ko malamin makaranta, ko yaron shago da ya tsufa a hannunmu. Kafin mu zargi shugabannin Madrid, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa irin sallamar da ya tanadar wa nasa. Allah ya sa mu gama da juna lafiya.