Mai cin rani, kada ƙafarka ta mance da tudu

Ƴan uwa manoma, ƙasarmu ta Adar ƙasar duwatsu ce. Daga Madawa zuwa Buza da Keita, gonaki da yawa suna bisa tudu, kuma sai an hau ake kai musu. Tun daga 1984, da furojen Keita ya soma aiki da taimakon Italiya, mutanenmu, mafi yawa mata, sun yi ta ɗaukar duwatsu suna jerawa don tare ruwa da farfaɗo da ƙasa. Aikin nan ƙarfin ƙafa da na baya yake so.

Amma bayan kaka samarinmu sukan tafi cin rani Kano, Legas ko Abijan. Da yawa zaune suke wuni wajen tebur. Tsokar da ta daina aiki kuwa tana raguwa cikin ƴan makonni. Ruwan shuka na sauka, mutum ya dawo ya hau tudu da buhun iri, sai gwiwa ko baya su kama. Wanda ya kwanta sati biyu lokacin shuka ya yi asarar damina.

A Turai akwai masu hawan duwatsu don wasa, har wasan ya shiga gasar Olimfik a Tokiyo cikin 2021. Waɗanda ke nesa da dutsi ba sa zama haka nan: bango suke hawa a cikin gari, suna lilo da hannu jikin katako. Mu ma muna da dabara:

1. Mu yi tafiyar ƙasa da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar.
2. Mu hau matakalar bene maimakon tudu.
3. Sau biyu a mako mu tsuguna mu miƙe sau goma, mu huta, mu maimaita.
4. In za mu ɗauki dutsi, mu lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, kaya kusa da jiki.
5. Ranar da muka dawo gida, mu fara da kaya kaɗan, da sassafe, da goran ruwa a hannu.

In gwiwa ta kumbura, ko ciwon baya ya sauka har ƙafa, mu tafi likita, kada mu jira. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan uwansa kafin ya kama hanya. Rigakafi ya fi magani.