Inda Shuɗi Da Rawaya Ke Haifar Da Toka

Duk mai amfani da Instagram ya san tambarin da aka yi masa a 2016: rawaya daga ƙasa, ta narke cikin ja, jan ya shige shunayya, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma. A shafukan intanet, layi ɗaya na rubutu ya isa a samar da irin wannan rikiɗar launi.

Da can sai mai tsara shafi ya zana siririn hoto, ya sa a yi ta jera shi har ya cika fuskar kwamfuta. A 2008 injiniyoyin Apple suka shigar da dabarar cikin CSS, harshen da ake yi wa shafuka ado da shi, burauzar Firefox ta biyo baya a 2010. Yau ana rubuta linear-gradient, a ambaci launin farko da na ƙarshe, burauza ta cike tsakani da lissafi. Babu hoton da za a sauke, kuma mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya san amfanin wannan.

To, a tsakanin ne matsalar take. Kowane launi a kan allo lambobi uku ne: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Shuɗi zalla shi ne 0, 0, 255. Rawaya kuwa 255, 255, 0. Idan burauza ta raba tsakiya, kowace lamba sai ta tsaya wajen 128, wato ruwan toka. Mai fenti ya san shuɗi da rawaya kore suke bayarwa, amma fuskar waya haske take haɗawa, lissafinta kuma bai san yadda idon mutum yake gani ba.

Shekaru da dama maganin shi ne a cusa launi na uku a tsakiya da hannu, a rufe kunyar tokar. A 2020 Björn Ottosson ya fito da tsarin Oklab, wanda ke auna launi daidai da ganin ido, kuma manyan burauzoji sun karɓe shi. Ƙara kalmomin in oklab a layin kan rage dushewar sosai.

A ganina, abin da masu tsara shafuka suka fi sakaci da shi shi ne rubutun da ake ɗorawa a kai. Farin rubutu kan fito fes a gefen shuɗi, ya ɓace a gefen rawaya. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafuka za su yi sauƙin amfani ga kowa, ta nemi bambancin haske na 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma dole a auna shi a gefen da ya fi rauni.