Alamar Fifiko a Goshin Saƙo: Wa Zai Fara Wucewa In Hanya Ta Cushe?

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana, inda garin Runka yake. Wannan rashin hanya ke nan ɗungurungum. Abin da za mu duba a wannan takarda kuwa shi ne halin da ake shiga in hanyar ta samu amma ƙarama ce. Mu ƙaddara makaranta ce a Runka, ana koyar da darasi ta murya daga nesa, a lokaci guda kuma wani yana sauke babban fayil. Wanne zai jira?

2.0 Inda alamar take

Na'urar rarraba saƙonni, watau suwic, takan kasa kwamfutocin ma'aikata rukuni-rukuni, abin da ake kira VLAN. Wayar da ta haɗa suwic biyu kuwa, wadda za mu kira babbar jijiya, ita ke ɗaukar saƙonnin dukkan rukunan. Saboda haka tilas a yi wa kowane ƙunshin saƙo shaida a goshi, kamar yadda fatake kan yi wa buhunansu kafin a loda a mota ɗaya.

Ƙa'idar IEEE 802.1Q ta tanadi bit 32 domin wannan shaida (bit shi ne ƙwayar lissafin kwamfuta, sifili ko ɗaya). Bit 16 suna sanar da cewa akwai shaida, 12 suna ɗauke da lambar rukuni, ɗaya kuma yana nuna ƙunshin da za a iya yarwa in an matsu. Ragowar ukun su ne abin maganarmu. Da su ake samun matakai takwas, daga 0 zuwa 7. An ware 7 da 6 domin saƙonnin da na'urori ke tafiyar da hanyar da su, 5 domin murya, 4 domin bidiyo. Saƙon da ba a ce kome a kansa ba yana kan 0. Wani abin lura, wanda ɗalibanmu kan yi tuntuɓe da shi a jarrabawa, shi ne 1 yana ƙasa da 0 a daraja. Kamfanin Cisco ya taɓa yin tasa hanyar mai suna ISL, mai goshin bayit 26, amma an daina yayinta.

Dalilin fifita murya a fili yake. Fayil in ya makara ba a yi asara ba, amma shawarar G.114 ta hukumar ITU ta nuna bai kamata jinkirin murya ya wuce miliseƙan 150 ba, in ana son hira ta tafi sumul.

3.0 Inda alamar kan ɓace

A ganinmu nan ne aka fi yin kuskure. Alamar roƙo ce kawai. In ba a tsara wa suwic layukan jira dabam-dabam ba, zai karanta 5 ya kuma bi da ita kamar 0. Sa'an nan alamar ba ta rayuwa sai a kan babbar jijiya. Rukunin da ke wucewa ba shaida, ba shi da inda zai ɗauki fifiko. Haka kuma da ƙunshi ya isa rauta, na'urar da ke fitar da shi waje, sai ta cire goshin duka. Ga shi kuwa a wuri irin Runka cunkoson ba a cikin gini yake ba, a ƙofar fita yake. Don haka wajibi ne a juya alamar zuwa DSCP, bit 6 da ke cikin goshin IP, inda murya kan ɗauki lamba 46. Ko da an yi hakan, kamfanin sadarwa yana iya share ta in ba yarjejeniya.

Saura batun amana. Kowace kwamfuta tana iya liƙa wa saƙonta 5, kuma in kowa ya zama mai gaggawa, darasin nan zai koma sahun fayil. Abin da muke koya wa ɗalibai shi ne suwic ya karɓi alamar wayar murya kaɗai, abin da ya fito daga sauran kwamfutoci kuwa ya mai da shi 0 tun daga bakin ƙofa.