Keke ya dawo, amma titi bai shirya masa ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan kekunan da suka shekara jingine a zaure suka fara fitowa, mai faci da ke gindin darbejiya da bahon ruwansa da famfonsa ya sake ganin ciniki. Maiduguri ta riga kowa: tun da aka hana hawa babur a 2011, malamin makaranta da ɗan kasuwa suka koma kan feda. Tilas ce ta dawo da keke, ba sha'awa ba. Amma wanda ya hau yakan tarar da daɗin da ya manta: ba layin gidan mai, ba cinikin kuɗin a-daidaita-sahu, ga lungunan cikin birnin Kano da mota ba ta shiga, ga ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba gangara. Minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu duk mako kuwa, zuwa aiki da dawowa sun biya shi.

Damuwar tana kan kwalta. Kuɗin da gwamnatocin Kano suka zuba a gadojin Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro, don mai mota aka zuba su. Mai keke rabonsa gefen hanya, inda yashi ya taru, kwata ta buɗe baki, 'yan tebur suka baza kaya, ɗan a-daidaita-sahu kuma ya tsaya ba sigina da zarar ya hango fasinja. Da daddare abin ya fi muni, domin yawancin kekunan ba fitila. Ko minista bai tsira ba: a 2001 bas ta ture Ojo Maduekwe, ministan sufuri mai yi wa keke kamfe, ya faɗa kwalbati a Abuja.

Za a ce ai dawowar keken ta ɗan lokaci ce, da mai ya sauko kowa zai jingine kekensa, tunda a idon jama'a hawansa alamar karayar arziki ce. Akwai gaskiya a nan, sai dai tarihin Holan ya nuna inda maganar ta gaza. Su ma matsalar mai ta 1973 ta girgiza su, har aka hana fita da mota ranakun Lahadi. Abin da ya zaunar da keke a can shi ne iyaye da suka fito zanga-zanga bayan hatsarin hanya ya kashe yara fiye da 400 a 1971, gwamnati ta shiga gina wa keke hanyarsa daban. Da tsoro ya kau, mai hali ma ya hau, gorin ya mutu da kansa. Batun zafi ya fi wancan ƙorafin ƙarfi, don ba mai musun ranar Afrilu. Amma galibin zirga-zirgar ma'aikaci da ɗalibi safe ce da yamma, inuwa kuma shuka ta ake yi.

Saboda haka kiran yana kan gwamnatin Kano da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, KAROTA. A fara da hanya ɗaya, daga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero zuwa sabon da ke titin Gwarzo: a ware wa keke layinsa da shingen siminti, ba da fenti kawai ba, a jera masa bishiyoyi, a sa fitilu, a hana kowa ajiye mota a kai.