Babi na Uku: Martanin Masu Amfani da Tabaran Duniyar Kwaikwayo Game da Sabunta Manhaja

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda masu amfani da tabaran duniyar kwaikwayo suke mayar da martani idan kamfani ya sabunta manhajarsa, da kuma tasirin wannan martani wajen zaɓen tabarau. Za a ɗauki kamfanin Oculus na ƙasar Amurka a matsayin misali. Abin da ake nufi da tabaran duniyar kwaikwayo shi ne na'urar da ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu, ta nuna wa mutum hotunan kwamfuta masu juyawa tare da kansa, har ya ji kamar yana cikin wurin da yake gani. Ita kuwa manhaja, ita ce tsarin umarnin da ke sarrafa na'urar, kuma kamfani yana iya sauya ta ta hanyar intanet ko bayan an sayi tabaran.

3.1 Tabarau Biyu a Kasuwa

Kamfanin Oculus ya tara kuɗin fara aikinsa ne daga hannun jama'a a shekarar 2012, inda ya samu kimanin dala miliyan 2.4. A shekarar 2014 Facebook ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 2. Tabaransa mai suna Rift ya fito a watan Maris na 2016 a kan dala 599, sannan a watan Afrilu kamfanonin HTC da Valve suka fito da nasu mai suna Vive a kan dala 799. Vive ya zo da na'urorin riƙewa a hannu biyu, alhali na Rift ba su fito ba sai a watan Disamba. Shi kuma Oculus ya tanadi wasu wasanni, irin su Lucky's Tale, waɗanda ba a samun su sai a shagonsa. Wato ke nan mai saye yana auna abu uku: kuɗi, da kayan aiki, da wasanni.

3.2 Sabuntawar Watan Mayu na 2016

A watan Afrilu na 2016 wani masanin kwamfuta ya fito da manhaja kyauta mai suna Revive, wadda ta ba masu Vive damar yin wasannin shagon Oculus. A watan Mayu sai Oculus ya saki sabuntawa mai lamba 1.4, wadda take bincika ko an jona Rift da kwamfuta kafin wasa ya buɗe. Nan take Revive ta daina aiki, wasannin da masu Vive suka biya kuɗinsu suka kulle. Kamfanin ya ce ya yi haka ne don hana satar fasaha.

Martanin jama'a ya kasu kashi uku. Na farko, masu Vive sun koka cewa an hana su abin da suka saya. Na biyu, wasu masu Rift ɗin kansu sun nuna fargaba, domin sun gane cewa duk ranar da suka sauya tabarau za su yi asarar wasanninsu. Na uku, akwai masu ganin kamfanin yana da hujja, tunda shi ya zuba kuɗi aka ƙera wasannin. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne, a watan Disamba na 2015 Palmer Luckey, wanda ya kafa Oculus, ya bayyana cewa bai damu ba idan wanda ya sayi wasa a wurinsu ya yi masa dabarar da zai yi aiki a wata na'ura. Don haka mutane da yawa suka ɗauki sabuntawar a matsayin saɓa alkawari.

Daɗin daɗawa, cikin 'yan kwanaki mai Revive ya sake fito da wata, wadda ta tsallake binciken gaba ɗaya, har da wanda ke tabbatar da cewa an biya kuɗin wasa. Ke nan garin neman gira an rasa ido, domin kullen da aka yi don hana sata shi ya buɗe mata ƙofa. A ƙarshen watan Yuni Oculus ya cire binciken, ya kuma ce ba zai sake amfani da irinsa a kan kwamfuta ba.

3.3 Sharaɗin Asusun Facebook

A watan Agusta na 2020 kamfanin ya sanar cewa daga watan Oktoba duk sabon mai amfani sai ya shiga da asusun Facebook. An samu koke daga waɗanda aka rufe wa asusu, suka kasa amfani da tabaran da suka saya. A Jamus an dakatar da sayar da tabaran a watan Satumba, hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta ƙasar kuma ta buɗe bincike a watan Disamba. Duk da haka, tabarau Quest 2 da ya fito a watan Oktoba a kan dala 299 ya samu karɓuwa ƙwarai, saboda arha da kuma kasancewar yana aiki ba tare da kwamfuta ba. Sai a watan Agusta na 2022 aka janye sharaɗin, bayan kamfanin ya koma amsa sunan Meta.

3.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa wanda ya sayi tabarau ya mallaki na'ura ne, amma ragamar manhaja tana hannun kamfani. An kuma ga cewa ƙarfin martani ya danganta da zaɓin da ke kasuwa. A 2016, da yake Vive yana nan a matsayin kishiya, kamfanin ya janye cikin kusan wata guda. A 2020 kuwa, da yake babu tabarau irinsa mai arha kamar Quest 2, sai da aka yi kusan shekara biyu. Saboda haka, mai neman tabarau yana da buƙatar duba inda wasanninsa za su kasance idan ya sauya na'ura, da irin asusun da za a nema daga gare shi, kafin ya duba farashi. Babi na gaba zai yi nazarin shagunan sayar da wasannin.